Ka Ba Kulu Takarda, Ba Ka Ba Ta Almakashi Ba

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Koyar da Mata Ɗinki,
Ƙauran Namoda, Jihar Zamfara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ma'aikata, ina rubuto maka a bainar jama'a ne saboda na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka. Na zo, aka ce kana taro. Na dawo, aka ce ka tafi Gusau. Ranar da na same ka kuwa, ka miƙe tsaye ka ce "Yaya Balki" kamar yadda ka saba, ka sa aka kawo mini ruwan sanyi, ka ce za a duba. Damina ta wuce, an yi girbi, har yanzu ana dubawa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Balkisu, ni ce malamar yanka da ɗinki a cibiyar da kake shugabanta. Kafin nan na daɗe ina koyar da tattalin gida a wata makarantar 'yan mata a Sakkwato. Da aka yanke mana jiharmu, kai ne ka taka har gidana, ka tuna mini cewa yayarka ƙawata ce tun muna firamare, ka ce sabuwar jiha ba ta da kowa sai ɗiyanta, in dawo gida mu koya wa matanmu sana'ar da za su ci abinci da ita. Na yarda da kai. Na kwashe kayana na dawo.

Maganata a kan mace ɗaya ce, Kulu ta Gurbin Bore. 'Yan ajinta kowa na da nata kukan, amma na Kulu shi na gani da idona.

1. Alkawarin da muka ɗauka.

Tsarin da ni da kai muka zauna muka yi shi ne wata tara a aji, wata uku a shago. Ka san dalili, domin na yi maka bayani har ka ce ka fahimta. A aji ba mu da yadi. Da takardar buhun siminti muke koyon yanka, mu kakkaɓe ta, mu goge, mu zana da alli. Takarda tana koya wa hannu bin layi, iyakarta ke nan. Ba ta da gaba da baya, ba ta da fure mai kallon sama, ba ta ƙarewa, in ka ɓata ka ɗauko wata. Ba ta da mai ita da zai zo ya tsaya a kanka. Shi ya sa duk telan da ka sani a shago ya zama tela. A fara ba shi guga da ɗinke maɓalli, sai kalmasa, sai shafi, sai kayan yara. Sai mai shago ya ga hannunsa ya zauna kafin ya bar shi ya sa almakashi a kayan mutane, shi ma yana tsaye yana kallo. A can ake koyon yadda ake yanka riga daga tsohuwar rigar da matar kulle ta aiko, da yadda ake gaya wa mace gaskiya cewa kayanta ba za su samu kafin Sallah ba, da mayar wa mai kaya ƙyallen da ya rage. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke shiga allo.

Da wannan alkawari na zaga Zurmi da Shinkafi da Katuru da Gurbin Bore. Kai kana ofis. Ni ce na durƙusa a zauruka gaban maza da iyaye. Lokacin an fara maganar Shari'a, kuma ita ce babbar hujjata. Na ce musu kwana kaɗan ya rage mace ta daina yarda namiji ya zagaya mata tef a jiki, to wa zai auna matanku in ba mata 'yan uwansu ba? Wannan magana ita ta buɗe mini ƙofofin da suka ƙi buɗuwa.

Kulu mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Da dakau take ciyar da su, tana daka wa gidajen mutane gero a ba ta abin da ya samu. Wan mijinta, Malam Ɗanjuma, shi ke riƙe da gidan, kuma da farko ƙi ya yi. Ya ce shi bai ga abin da takardar gwamnati ta taɓa ƙara wa kowa a garinsu ba. Sai da na koma, na ce masa a gidana za ta zauna, kuma ba za ta dawo ba sai ta iya karɓar turmin atamfa ta mayar da shi kaya. Ya dube ni ya ce ya ba ni ita amana. Surukarta ta karɓi yaran. Kalmar da ya faɗa ke nan, ranka ya daɗe, amana, kuma ni aka faɗa wa.

2. Shagunan da na samo.

Ban tsaya jiran ofishinka ba. Na samu wata Hajiya a Shinkafi da ke ɗinki a cikin gida, ta ce za ta ɗauki biyu. Na samu wasu mata a nan Ƙaura. Babbarsu ita ce Maman Bose, Bayarabiya Kirista mai shago a wajen tashar jirgin ƙasa, wadda ta fi shekarun jiharmu nesa tana yi wa matan garin nan ɗinki. Ta yarda ta ɗauki Kulu da wasu, ba ta nemi komai ba, ta ce dai su riƙa zuwa da wuri. Shagonta na da ɗaki a ciki da labule, namiji ba ya wuce bakin ƙofa. Da kanta ta ce za ta shimfiɗa musu tabarma a ciki saboda sallar azahar. Na kawo maka wannan labari, ka yi murna, ka ce Allah ya saka.

3. Abin da ka yi da wata ukun.

Ana saura kwanaki su fara zuwa shago ka kira ni. Ka ce yanzu an ƙaddamar da Shari'a, bai dace a ga matan Musulmi suna zirga-zirga a shagon wadda ba Musulma ba, mutane za su yi magana. Na tambaye ka su waye mutanen, ba ka faɗa ba. Na tambaye ka Hajiya ta Shinkafi fa, ita da ta je Makka ta dawo, ka ce ba za a raba aji gida biyu ba. Ban so in faɗi wannan a takarda ba, amma ka tilasta ni: kayan Sallar iyalinka na wannan shekarar a shagon Maman Bose aka ɗinka su. Na gan su rataye, na kuma san atamfar.

Sannan ka fito da ainihin maganar. Ka ce an samu aikin gaggawa, ana neman hijabai masu yawa na 'yan makaranta kafin a dawo daga hutu, aikin Allah ne, mako biyu kawai, daga nan su wuce shago. Wa zai ƙi a rufe wa yara jiki? Aka kwashe kekunan cibiya aka kai wani sito a bayan kasuwa. Ni kuma ka tura ni Shinkafi, wai in duba inda za a buɗe reshe. Reshen da har yau ko allon suna ba a kafa masa ba.

Duk lokacin da na leƙo Ƙaura sai in tarar da su a sito. Yadin yana zuwa a yanke, wasu maza ne ke yanka shi a wani wuri su kawo a ɗaure. Aikin matan shi ne su ɗauki yanki, su bi layi ɗaya miƙaƙƙe, su kalmashe bakin fuska, su jefa a tsibi, su ɗauki wani. Daga safe har la'asar, fari, fari, fari. Kulu tana dawowa gidana ƙafafunta a kumbure saboda taka keke, ta ce mini in ta rufe ido ma layin take gani. Mako biyu ya zama wata uku cif. Na yi maka magana, ka ce ai wannan ma koyon aiki ne, har ya fi na shago, domin suna ganin yadda ake aiki da yawa.

Ban san wanda ya samu kwangilar hijaban nan ba, ban san abin da aka biya ba, kuma ba zan faɗi abin da ban gani ba. Abin da na gani shi ne mata sun yi aiki wata uku ba a ba su ko sabulu ba. Na kuma ga maza masu ɗaukar kaya da masu ƙirga suna shiga suna fita a tsakaninsu, ba labule ba komai. Wato ɗakin da mace ke ciki da labule shi ne haram, siton da ƙarti ke kai da kawo shi ne halal. Na yi karatun addini gwargwado, ranka ya daɗe, a gaban mahaifina da kuma bayansa. Ban ci karo da wannan babin ba.

4. Ranar yaye.

Kafin bikin na same ka na gaya maka a fili cewa matan nan ba su taɓa yanka yadi ba, a ɗaga yayen a ba su watanninsu. Ka ce an riga an gayyaci manyan baƙi, an yi hayar rumfa, kuma takarda ce mutane ke son gani. Na tara matan a aji na ce kada wadda ta taɓa kayan kowa sai ta zauna a hannun wata tela. Washegari ka hau lasifika gaban baƙi da 'yan rediyo ka ce ga ƙwararrun teloli mata na farko da jiharmu ta haifa, daga yau babu macen da za ta sake kai kayanta wurin namiji. Aka yi kabbara. Aka ɗauki hoto kana miƙa wa Kulu takarda mai zanen zinariya a gefe.

Malam Ɗanjuma ya ji a rediyo. Duk Gurbin Bore sun ji. Ka gaya mini, tsakanin muryata a cikin aji da muryarka a rediyo, wacce ƙauye zai ɗauka?

5. Abin da ya faru a Gurbin Bore.

Kulu ta sayar da awakinta ta sayi tsohon keken ɗinki. Ta fara da facin kayan yara da hijabai, waɗannan kam ta iya su har cikin barci. Sai bikin ɗiyar maƙwabciyarta ya taso. Dangi suka ce a kai kayan lefe Zurmi wurin telan da aka saba. Uwar amarya ta ce a'a, ga tasu a gida da takardar gwamnati, me zai sa a kai wa namiji? Ta zaɓo turmin da ya fi kowane kyau a cikin lefen, atamfa mai manyan furanni, wanda amarya za ta sa ranar wuni, ta kai wa Kulu da hannunta.

Kulu ta gaya mini ta tuna da gargaɗina. Amma ta yaya macen da ta bar 'ya'yanta shekara guda, aka faɗi sunan garinsu a rediyo saboda ita, za ta dubi maƙwabciyarta ta ce ban iya ba? Ta karɓa.

Duk wadda ta yi ko wata ɗaya a shago ta san turmi yadi shida ne, kuma zane ake fara cirewa, sai kallabi, abin da ya rage shi ne na riga, a san yadda za a lallaɓa shi ya isa. Ba wanda ke rubuta wannan, gani ake yi. Kulu ta yi yadda muke yi da takardar siminti. Ta shimfiɗa atamfar, ta fara da riga tunda ita ce mai wuya, ta baje gaba a nan, baya a can, hannaye masu faɗi kowane da filinsa. Ta juya wani yanki don ya zauna daidai, kamar yadda ake juya takarda. Ɗinkin ya yi kyau, layinta miƙaƙƙe ne, ai ta sha hijabi. Da aka zo gwaji, furannin gaban riga suna kallon sama, na baya suna kallon ƙasa. Zanen kuwa bai zagayo ba. Amarya ta ɗaura, ta taka ɗaya, ya buɗe har gwiwa, gaban ƙawayenta da gwaggonnin ango da suka zo ganin kaya.

Yarinyar ta yi wuninta da tsohon kayan yayarta.

Ba su ce Kulu ta biya ba. Da ma sun ce. Uwar amarya ta naɗe kayan ta tafi, daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarta ba, gidajensu kuwa katanga ɗaya ce. A bakin rijiya mata na kiranta telar gwamnati. Wata ta ce mata ta zo ta yanka mata buhun siminti, tana da biki. Babbar ɗiyar Kulu ta daina zuwa ɗibar ruwa da rana saboda abin da yara ke rera mata. Malam Ɗanjuma bai yi faɗa ba. Ya kwance kan keken daga ƙafarsa, ya sa a buhu, ya kulle a ɗakinsa, ya ce an gama wannan wasan a gidansa. Kulu ta koma dakau, kuma yanzu ba awaki.

Da na ji na tafi. Malam Ɗanjuma ya karɓe ni a zaure, ya sa aka kawo mini fura, bai ɗaga murya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, Malama, ke kika ce. Na ce masa laifin ba na Kulu ba ne, ba a ba ta watannin shagonta ba. Ya ce shi dai ya ji babban mutum a rediyo ya ce ta ƙware, to ko dai babban mutum ya yi ƙarya, ko ita ce ba ta da kai. Kuma shi talaka ba zai ce babban mutum ya yi ƙarya ba.

Ka ga inda ka bar ta. An ɗora wa mace daƙiƙanci don a tsare maka mutunci. Ni na koyar da ita wata tara, ta kwana a ɗakina shekara guda, na san kanta. Tana cikin uku mafi kaifi a ajin nan.

6. Maganar Shari'a.

Ina cikin matan da suka yi murna da zuwanta, ban kuma janye ba. Shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Shari'ar da na karanta ta hana tauye mudu, ta hana sayar da kaya a ɓoye aibinsa, ta hana a sa mutum aiki a hana shi haƙƙinsa. Takardar da ta ce mace ta yi koyon aiki a shago alhali ba ta taka shago ba, wane suna za ka ba ta in ba shaidar zur ba? Ka sa mata hannu, ka buga hatimi. Ka ɗauki sunan addini ka rufe ƙofar da za ta amfani matan nan, ka ɗauki sunan addini ka buɗe wadda za ta amfani wani. A ƙasar nan mata sun daɗe suna koyar da mata tun zamanin kakanninmu, ba wanda ya ce sun saɓa. Kuma ba yau Musulmi ya fara koyon sana'a a hannun wanda ba Musulmi ba. Direban da ke tuƙa ka, tambaye shi a garejin wa ya koyi gyaran mota.

Makon jiya takarda ta zo mini daga ofishinka cewa in shirya in sake zagaya ƙauyuka neman sabbin ɗalibai. Na kuma ji an sake kawo ɗaurin farin yadi sito, 'yan aji na biyu kuwa, waɗanda suka shigo bayan su Kulu, watansu tara ya kusa cika. Ba zan je ba. Ba zan sake durƙusawa a zauren kowa da wannan alkawari a bakina ba.

Abin da nake nema:

Na farko, a mayar da 'yan ajin farko su yi wata ukunsu a shago, cibiya ta ɗauki nauyin zamansu. Maman Bose ta ce ƙofarta na buɗe har yanzu, duk da abin da ya koma kunnenta. Hajiya ta Shinkafi ma haka.

Na biyu, kada a kai 'yan aji na biyu sito. In akwai hijaban ɗinki, a ɗauki teloli a biya su.

Na uku, a ba matan da suka taka keke wata uku haƙƙin guminsu. Kai ka san wanda zai bayar.

Na huɗu shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Malam Ɗanjuma ba zai fito da keken nan don maganata ba, ya riga ya gwada maganata. Bakin da ya ce Kulu ta ƙware shi kaɗai zai iya cewa ba a gama koya mata ba. Ina so ka shiga motar ofis ka je Gurbin Bore, ka zauna a zauren nan, a kira uwar amarya ta tsaya bayan ƙofa ta ji, ka ce cibiya ce ta tauye wa Kulu karatu, ba ita ta kasa ba. Maganar ba ta fi wannan tsawo ba. Ba sai ka zo da 'yan rediyo ba.

Ranar kasuwar Zurmi mai zuwa zan shiga motar mata in tafi, daga can in wuce Gurbin Bore. In na tarar da kai, alhamdu lillahi, zan zauna a bayanka in yi shiru. In ban tarar da kai ba, zan karanta musu wannan takarda daga sama har ƙasa, in gaya wa Malam Ɗanjuma abin da shi yake jin nauyin faɗa, cewa babban mutum ya yi ƙarya. Daga nan in roƙe shi ya ba ni Kulu karo na biyu, ba da sunan cibiya ba, ba da sunan gwamnati ba. Ban san ko zai yarda ba. Da kai ne ka je, na san zai yarda.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai. Allah ya sa ka gama da kujerar nan lafiya, ya nuna maka gaskiya ya ba ka ƙarfin faɗinta tun kana da iko. Allah ya haɗa 'ya'yanka mata da malamai masu cika alkawari, ya tsare su daga ranar da za a yi musu dariya kan laifin da ba nasu ba.

Wassalamu alaikum.

Malama Balkisu,
Malamar yanka da ɗinki,
Ƙauran Namoda.